Gwangwanin Allurar Yaya Kulu

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina kwance lafiya a inda kike, Allah ya sa haske ne a samanki da ƙarƙashinki. Mu nan Agege muna nan yadda kika bar mu. Damina ta yi ƙarfi bana. Kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa har sau biyu, kwanon ɗakina kuma har yau mai gidan hayar bai gyara ba. Ɗakinki an sa wasu Yarbawa, mata da miji, ba su da fitina.

Na san ba ke za ki karanta wannan ba. Matan da muke zaure ɗaya da su a waya ne za su karanta, to su karanta, wataƙila wata ta tsinci abin amfani. Rubutuna kin san shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace a yi haƙuri. Maganar bargon jikarki, 'yar Rakiya, na zo miki da ita. Ke kika ba ni aikin, ke ya kamata in kawo wa bayani, har da inda na yi ɓarna.

Shekara arba'in da wani abu ƙofar ɗakina tana kallon taki. Ranar da jirgin ƙasa ya sauke ni ina amaryar marigayi Malam Iro mahauci, ban san ko ruwa yadda ake roƙa da Yarbanci ba. Ke kuwa nan aka haife ki, kakanki soja ne, in kina ciniki a kasuwa ba mai cewa Bahaushiya ce. Ke kika nuna mini famfo, kika nuna mini mai niƙa, kika koya mini bargon haɗi.

Don waɗanda ba su san shi ba, ba wani abu ba ne mai wuya. Tsofaffin zannuwa ake yankawa ƙyalle-ƙyalle a haɗa su, wannan shi ne fuska. A samu wani zane mai laushi a sa a tsakiya, a sa na baya, sai a bi su da allura layi bayan layi har ukun su zama abu ɗaya. Shi muke shimfiɗa wa jarirai, shi muke rufa musu in an yi ruwa.

Kin tuna na farkon da na yi wa Sule ɗana? Auduga na cusa masa a ciki, yadda muke yi a garinmu, ya yi tim kamar katifa. Ina ta jin daɗi. Damina ɗaya ya yi, ya kama fumfuna, ɗakin duk ya ɗauki wari. Kika ɗaga shi da yatsa biyu kika ce, "Asabe, nan Ikko ce. Abin da bai bushe a yini ɗaya ba, ki ba bola." Na ji haushi, amma ban ƙara sa auduga ba.

Duk abin da kika koya mini na ɗauka, ban da guda ɗaya. Zare. Ke kullum zaren auduga, mai laushin nan da in an ja shi da ƙarfi yake tsinkewa. Ni kuma zaren roba nake so, wanda ko da haƙori sai an yi da gaske. Maganarki ɗaya ce tun ina da jajayen sawu a garin nan har muka tsufa: "Zare kada ya fi zane ƙarfi." Ni kuma in ce to mene ne amfanin ɗinkin da zai tsinke? Mun yi wannan musun a bakin murhu, mun yi a layin famfo, mun yi a gidan biki. Ban taɓa yarda ba, don ni nawa bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ban lura ba, ni da sabon yadi nake yawan yin nawa, ragowar da nake karɓowa wurin teloli. Ke ce mai tsofaffin zannuwa.

Da Rakiya 'yarki ta samu ciki bayan shekarun nan da ta yi tana jira, ranar da ta bugo miki waya daga Ojo ina ɗakinki. Ba ki yi guɗa ba, ba ki yi komai ba. Kika ajiye wayar kika jawo akwati. Kika fiddo zannuwa guda biyar, har da koren nan mai zanen kifi da kika goya Rakiya da shi. Na ce wannan ai ya mutu, ana ganin hannu ta cikinsa. Kika ce shi za a sa a tsakiyar fuska, wanda ba ya so, ya rufe idonsa.

Kin gama haɗa fuskar kafin ciwon ya kwantar da ke. Har layukan da za a bi kin ja da guntun sabulu, don ke ba kya amfani da biro, kin ce ba ya fita. Daga nan hannun ya fara rawa.

A watan nan da kika yi a kwance, sau uku kina aike na sayen allura. Gajeru, masu ƙaramin ido, kika ce kada in kawo miki dogaye. A na ukun na ce wai shago za ki buɗe ne? Kika ce in dai sayo, bakina ya yi yawa. Na sayo.

Kwana biyu kafin ki tafi kika nuna mini ledar da fuskar bargon take ciki, kika ce, "Ki ƙarasa." Na ce to. Iyakar abin da muka yi ke nan, ba mu tsaya wani dogon zance ba.

Bayan sadakar arba'in, da aka raba kayanki, Rakiya ta kawo mini ledar da gwangwanin madarar nan naki da kike ajiye kayan ɗinki. Ta ce kin ce nawa ne, kuma kin ce in buɗe shi kafin in fara. Na karɓa na tura ƙarƙashin gado. Ban buɗe ba. Kada ki ce ko tsoron kuka ne, kin san ni. Gani na yi na san abin da ke ciki: zarenki mai laushi da ƙananan allurarki. Ni kuwa ina da dalilin da ba na son ganin su, zan zo kansa.

Da cikin Rakiya ya shiga wata bakwai na shirya na shiga kasuwa. Na tsallaka layin dogo na nufi layin masu yadi. Na baya na fara nema. Akoko na ce a ba ni, fari, marar ado. Yaron shagon ya miƙo mini wani mai sheƙi yana rantsuwa auduga ce zalla. Na zari zare ɗaya a bakinsa na ƙyasta ashana yadda kike yi. Ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo. Na ce masa oga, wannan ai leda ce aka saƙa, jariri zai dahu a kanta. Ya shiga ciki ya fiddo na gaskiyar. Shi da na ƙona, toka ya yi, na murje ta a yatsa ta watse. Shi na ɗauka.

Na tsakiya kuma wai soso suke sayarwa yanzu, siriri, a naɗe kamar tabarma. Mai shi ta ce shi kowa ke sa wa, ba nauyi, ba wahala. Na matsa shi a hannu na ajiye mata. Soso yana shan fitsari ya riƙe, kwana uku yana wari. Na dawo gida na fiddo tsohon zanena na atamfa, shuɗin nan da ya sha wanki har ya yi laushi kamar kunnen akuya. Shi na sa.

Akokon na jiƙa shi da ruwan zafi na wanke sau biyu, don ya gama tsukewarsa tun kafin a ɗinka, sitacin ma ya fita. Almakashina na kai mahauta, abokan aikin Malam Iro suka wasa mini a dutsen wuƙarsu, suna ta yi mini gaisuwarki. Na tsaya wurin mai gyaran takalmi na karɓi 'yar fata mai laushi na naɗe wa yatsan tsakiya, don turin allura. Na ƙarfen nan da ake sayarwa kin san ba ya zama a yatsana.

Duk wannan na yi shi yadda kika koya mini, ba inda na kauce. A wurin Iya Bose mai zare na kauce.

Tana ganina ta yi mini pele, wato sannu da Yarbanci, ta yi miki addu'a da irin Hausarta. Ban ma buɗe baki ba ta miƙo mini zaren auduga, irin naki. Na ce ba shi ba, na roba nake so, mai kaurin. Da allura babba. Ta dube ni ta ce Mama, wannan na masu jaka ne da masu takalmi. Na ce mata na sani, ta ƙulle mini. Ta ƙulle, amma ta bi ni da ido har na sha kwana.

To ga dalilin, yau zan faɗa. Idona ne, Yaya Kulu. Yanar ido ce ta fara rufe shi, na hagun ya fi. Tun bara ba na ganin kafar ƙaramar allura. Sai in yi ta cakar iska, zaren yana lanƙwashewa, har wuyana ya ƙage. Zaren roba kuwa a tsaye yake kamar tsinke, allura babba kuma kafarta a buɗe, ko da lalube yana shiga. Ban faɗa wa Sule ba, ban faɗa miki ba. Ba na son a fara riƙe mini hannu a titi, ba na son a ce Asabe ta zauna. Sai na ce wa kaina ai dama ni zaren roba nake so, ba wanda zai ce komai.

Na shimfiɗa ukun a tabarma, na danne gefuna da dutsen guga da kwanuka, na kama su da dogon ɗinkin riƙo don kada su zame. Na fara bin layinki na sabulu, fuskata kusa da zanen kamar mai shanshana shi. Ina jin yadda allurar ke huda koren zanen da ƙara, ɓus, ɓus. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Mako uku na yi layi goma sha ɗaya, ina yi ina hutawa, don a lissafina akwai sauran lokaci.

Ran wata Talata na tafi gaisuwar mutuwa a bayan masallaci, na bar shi a shimfiɗe a kan gado. Ruwa ya sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Kafin in dawo, yoyon nan ya zubo daidai kansa, ruwan tsatsa da ƙurar silin, ja wur. Ba yadda zan yi, sai wanki. Na wanke shi a hankali a baho, na ɗauraye, na kama na murɗa don in matse.

Sai na ji ƙarar. Ba babba ba ce, kamar an yaga takarda.

Na baza shi a igiya na bi da hannu. Koren zanenki ya tsage, daidai kan layin ɗinkin, ya fi taƙi guda. Zaren ya yanka shi kamar reza. Na ja zaren, ko gezau bai yi ba, yana nan lafiyarsa ƙalau. Zanen ne ya tafi. Sauran layukan ma duk inda allurar ta shiga ta bar rami, yatsana yana jin su.

Da ya bushe na ninke na mayar leda. Kwana biyu ban taɓa shi ba. Ina ta tunanin ko in cire koren gaba ɗaya in nemi mai kama da shi a gwanjo. Amma Rakiya ta san zanen nan, a gabanta kika yanka shi. Kuma ban da bargon nan, ba wani abu da hannunki ya yi wa abin da za ta haifa. Na san wannan sarai.

A rana ta uku da hantsi Sani mijinta ya bugo. Rakiya ta sauka, ba a ma cika lissafin ba, mace, lafiya lau da ita da uwar. Suna rana ita yau. Ya ba ta wayar, muryarta ƙasa-ƙasa. Bayan na yi mata barka, ba ta tambaye ni komai ba sai bargon. Na ce yana nan. Ban yi ƙarya ba, ai yana nan ɗin.

Na zauna na duba abin. Zaren roba dai dole ya fita duka, in ba haka ba wanki biyu zai cinye sauran zannuwan. Farke shi kuwa sai da reza, almakashi zai ci zane. Tawa rezar na ɗauko na tarar ta yi tsatsa, kin san Ikko da ƙarfe. Sai na tuna ke kullum kina da sabuwa a naɗe a takarda. Na durƙusa na jawo gwangwanin.

Ina buɗewa ƙamshin hodar nan ya buge ni, wadda kike zubawa don kada allura ta yi tsatsa. Na sa hannu. Ga rezar a takardarta. Ga guntun kakin zuma da kike goga wa zare. Ga ragowar koren zanen a ninke, kamar tafin hannu biyu. A ƙasa kuma ƙwarƙwaron zarenki, an naɗe shi da ƙyalle. Na warware, wani abu ya soke ni.

Da farko cewa na yi zaren ne ya cukurkuɗe da allurai. Har na ce Allah sarki, ciwo ya taɓa mata kai a ƙarshe, ta zuba komai wuri ɗaya. Na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, na bi da yatsa a hankali. Ba cukurkuɗewa ba ce. Allurar nan da kika yi ta aike na, duk kin zura su a zare ɗaya, ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya, zaren bai yanke daga jikin ƙwarƙwaron ba. Bakin zaren kin ƙulle shi don kada su zube, tsininsu kin soke a ƙyallen a jere.

Na zare ta farko na ja. Zaren ya biyo ta, yana ratsa sauran, su suna nan a wurinsu. Na ja gaba ɗaya, daga wannan hannu zuwa wancan, na yanke a bayanta, na ƙulle bakin da ya rage. Ga allura da zarenta a hannuna, ban nemi kafa ba, ban caki iska ba.

Na ƙirga su da yatsa, sau biyu. Talatin da uku. Layukan da kika ja ashirin da shida ne, na san su don na ƙirga tun ranar farko. Gefe huɗu na kalmasa, talatin ke nan. Kowane layi da allurarsa. Uku kuma ƙari.

Na daɗe a zaune a dokin ƙofar nan. Ban yi kuka ba. Na dai yi miki zagi guda ɗaya, irin wanda muka saba, Allah ya yafe mini. Wato kin sani. Kin sani kika yi shiru, kika bar ni ina ta yi miki ƙaryar wai kaina ke ciwo shi ya sa ba na ɗinki.

Farkewar ta ci mini yini ɗaya da rabi. Kowane ɗinki sai na ɗaga shi da farce, in sa bakin reza, in ja guntun. Amaryar da ke ɗakinki ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce Mama me ya sa ba za a kai wa tela ba, keke zai gama shi kafin azahar. Na ce mata na gode. Ba ta san abin ba ne, ba laifinta.

Tsagar na fara gyarawa. Na buɗe ɗinkin riƙon wajen, na zura ragowar koren ta ƙarƙashi, na lalubi inda kifin ya dace da kifi gwargwadon abin da idona ya ba ni, na bi bakin tsagar da ƙananan ɗinki. Allura biyu ta ci. Biyu daga cikin ukun nan naki na ƙari. Ina ɗinkawa ina cewa wato har ɓarnar da zan yi kin sa a lissafi.

Layin sabulun duk wanki ya tafi da shi. Goma sha ɗayan farko ramukan babbar allurata na bi, ɓarnar tawa ita ta zame mini jagora. Sauran na auna da faɗin yatsa biyu na sake ja da guntun sabuluna. Kullum da gari ya yi haske sai in fito da tabarma bakin ƙofa, ba na tashi sai salla da cin abinci, har rana ta yi sanyi in daina gani. In ja allura, in goga wa zaren kaki, in ɓoye ƙullin a tsakiya inda ba zai taɓa fatar yarinya ba, in ɗora ɗinki uku a kan allurar in tura da fatar yatsa in ja.

Gajeriyar allura, Yaya Kulu, ashe shiga take kamar cikin man shanu. Ba ƙara, ba rami. Zaren kuma kwanciya yake a jikin zanen, ba ya hawa kansa. Sau ɗaya na ja da ƙarfi ya tsinke a hannuna. Na tsaya na duba wurin, zanen lafiya lau. Na ƙulla na ci gaba. A nan na gane abin da kike faɗa mini shekara arba'in. In zare ya tsinke, ɗinki ɗaya za a sake. In zane ya yage, ina za a samo wanda ya goya Rakiya?

Ana gobe suna da la'asar na naɗo akokon baya a kan fuskar na kalmashe gefe huɗu. Na zare ɗinkin riƙo. Na wanke, wannan karon ban murɗa ba, na matse shi tsakanin tafin hannu. Kafin mu tashi da safe ya bushe. Layukan ba su miƙe kamar naki ba, wasu sun yi tafiyar maciji. Ba zan ɓoye miki ba.

Motar danfo biyu da keke napep ɗaya suka kai ni Ojo, ledar tana kan cinyata, ban yarda kwandasta ya sa mini ita a baya ba. Gidan cike yake da mutanen kasuwar Alaba Rago, abokan Sani masu raguna, ragon ma da aka yanka kin san ba za a kawo ƙarami ba. Yarinya ta ci sunanki, Hauwa'u. Ummi suke ce mata. Doguwa ce, yatsunta irin naki. Hancin dai na uban ne, sai haƙuri.

Na shiga ɗaki na miƙa wa Rakiya. Ta baza shi a gado ta kwantar da yarinyar a kai, daidai kan koren. Ta yi ta shafawa. Hannunta bai yi nisa ba ya tsaya a kan facin. 'Yarki ce, ai dole.

Na faɗa mata duka, a gaban mai wankan jego da kowa. Zaren roba, babbar allura, yoyo, tsaga, da gwangwanin da na ƙi buɗewa. Na ce in za ta yi fushi ta yi, zanen uwarta ne.

Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce ai kin faɗa mata. Wai cewa kika yi, "Asabe da nata zaren za ta fara. Sai ya ci amanarta za ta buɗe. Kada ki matsa mata." Ta ce allurar nan da safe kike zura su, in rana ta shigo ta taga, biyu ko uku a yini, don hannun ba ya tsayawa. Wata ranar guda ɗaya tak kike samu. In kin ji takuna sai ki tura ƙarƙashin filo. Ta ce ta roƙe ki ta zura miki, minti nawa ne, kika ce a'a, aikinki ne.

Na tambaye ta yaushe kika gane maganar idon. Ta ce tun ranar da na shigo tsakar gida na gaida hijabin da aka shanya a igiya, har ina tambayarsa ya yara. Kina zaune kina gani, kika kau da kai. Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, me zan ce.

To shi ke nan bayanin. Bargo ya isa hannun mai shi ranar da ya kamata. Da faci a tsakiyarsa, facin nawa ne, in Ummi ta girma ta tambaya a faɗa mata gaskiya.

Maganar zare kuma, ke ce da gaskiya. Sau ɗaya zan faɗa, ga shi na rubuta, mata sun gani. Sauran zaren robar na kai wa mai gyaran takalmi, can ne gidansa.

Idon ma na daina ɓoyo. Rakiya ta kira Sule a gabana ta faɗa masa, ya yi ta faɗa wai me ya sa ban gaya masa ba. In ta yi arba'in za su kai ni asibiti a duba, an ce ana kankare yanar. In an dace to, in ba a dace ba na ga abin da na gani.

Allura ɗaya ta rage a jikin ƙwarƙwaron, da zarenta. Rigar filona ta farke a gefe, na ce da ita zan ɗinke, ai don aiki kika zura ta. Sau biyu ina ɗauko gwangwanin, in buɗe, in taɓa ta, in mayar. Rigar filon tana nan a farke. Ba ta hana ni barci.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Kulu. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya saka miki da alheri a kan kowace allura da kika zura da hannu mai rawa. Allah ya raya Ummi, ya ba ta idonki, ya raba ta da taurin kaina. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sake haɗa mu ƙofa da ƙofa.

Ki gaida Malam Iro in ana gaisawa a can.

Ni ce ƙanwarki ta ɗakin da ke kallon naki,
Asabe Maman Sule,
Agege.